Motarsa Ce Ko Haya Ce? Sirrin Ƙananan Motocin Tsere Masu Kujera Biyu

Duk ranar da wani mawaƙi ya saki sabon bidiyo aka gan shi ya jingina da wata arniyar mota, kafin a gama sauraron waƙar musu ya riga ya kaure. Wannan ya ce wallahi motarsa ce, oga ya yi kuɗi. Wancan ya ce ƙarya ne, haya ya ɗauko, ana gama ɗauka mai ita zai karɓi mukullinsa. Sai ka ga an kwana ana zagin juna a kan motar da duk cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe ƙofarta.

Ni a nawa ganin musun nan ba shi da tushe. Hayar mota don aikin fim ko waƙa abu ne da ake yi a ko'ina, daga Hollywood har Bollywood har Legas, kamar yadda ake hayar gida da kyamara da fitilu. Har ma akwai wani jinsin motoci da haya ta fi dacewa da su a kan saye, ko da kuwa kana da kuɗin. Su ne ƙananan motocin tsere marasa nauyi masu kujera biyu, waɗanda yawanci samansu a buɗe yake. A 'yan shekarun nan kamfanoni suna ta daina ƙera su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga ya kamata mu tsaya mu fahimci me ya sa ake sonsu tun kafin su zama labari.

Ba Lamborghini nake nufi ba

Da an ce motar tsere, hankalinmu sai ya tafi kan Lamborghini da Ferrari da Bugatti. Waɗannan manyan gari ne, injinsu ƙato, kuɗinsu kuma sai wane da wane. Waɗanda nake magana a kansu sun bi wata hanya daban. Maimakon a ƙara wa mota ƙarfi, sai a rage mata nauyi.

Bari mu auna da buhun siminti mai kilo 50 wanda kowa ya sani. Land Cruiser irin ta manyan mutane tana kai kilo 2,500, wato buhu 50. Corolla tana wajen kilo 1,300, buhu 26. Mazda MX-5 tana wajen kilo 1,000, buhu 20. Lotus Elise ta farko da ta fito a 1996 kilo 725 ce, ba ta cika buhu 15 ba. Ita kuwa Caterham Seven 170 kilo 440 ce kacal, ko buhu 9 ba ta kai ba. Da kaɗan ta ɗara Adaidaita Sahu nauyi, amma fa mota ce mai taya huɗu da ake yi wa lamba a hau babban titi da ita.

Mutumin da ake dangantawa da wannan tunani shi ne Colin Chapman, injiniya ɗan Ingila da ya kafa kamfanin Lotus. Aƙidarsa ita ce ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙen titi kawai yake taimakonka, amma rage nauyi yana taimakonka a ko'ina. A 1957 ya fito da Lotus Seven, motar da in ka gan ta za ka ce akwati aka ɗora wa tayoyi. A 1973 wani dillalin motocinsa da ke garin Caterham ya sayi haƙƙin ci gaba da ƙera ta, kuma har yau ana yin ta da siffar nan tata ta dā. Abin mamaki, a Ingila za ka iya sayen ta a warwatse cikin akwatuna, ka haɗa abarka da hannunka a garejin gida.

Su kuma mutanen Japan suka ɗauki wannan tunani suka gyara shi. Ƙananan motocin Ingila na dā suna da daɗin tuƙi, amma sun yi suna wajen yoyon mai da matsalar wuta. A watan Fabrairun 1989 kamfanin Mazda na birnin Hiroshima ya nuna MX-5 a bajekolin motoci na Chicago. A Amurka ana ce mata Miata. Ƙarama ce, buɗaɗɗiya, kuma ba ta yawan kai ka wajen bakanike. Ta shiga kundin Guinness a matsayin motar tsere mai kujera biyu da aka fi saye a duniya, kuma a 2016 suka ƙera ta miliyan ɗaya. Taken da injiniyoyin Mazda suka yi aiki da shi wata tsohuwar magana ce ta mahayan Japan, ma'anarta doki da mahayinsa su zama jiki ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya ga gwanin mahayi ya saki linzami doki ya gane nufinsa tun kafin ya ja, ya san abin da suke nufi.

Me rashin nauyi yake yi?

Na farko, tashi. Ƙarfin inji da ƙarfin doki ake auna shi, amma abin lura shi ne kaya nawa kowane doki yake ja. Lamborghini Huracán ta farko tana da ƙarfin doki 610, tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.2. Caterham Seven 620R kuwa doki 310 gare ta, rabin na Lambo ke nan, amma da yake nauyinta bai kai kilo 600 ba, tana kai mil 60 a awa, wato wajen kilomita 97, cikin ƙasa da daƙiƙa 3. Ƙaramin goro ya fi babban dutse. Ita ma Elise ta 1996 doki 118 ne da ita, bai kai na Corolla ta yanzu ba, amma ba ta cika daƙiƙa 6 ta kai mil 60.

Na biyu, birki da shan kwana. Kowane ɗan achaɓa ya san bambancin tuƙi shi kaɗai da tuƙi da buhu biyu a baya. Mai kaya ba ya tsayawa da wuri, kuma in ya zo kwana kayan ne ke son miƙewa da shi. Haka mota take. Mai nauyi sai an yi mata ƙaton birki da faffaɗar taya da kwamfutoci masu riƙe ta. Mara nauyi kuwa da ka murza sitiyari ta bi, da ka taka birki ta tsaya, kuma ba ta cin taya da mai kamar manyan.

Na uku shi ne wanda kyamara ba ta iya ɗauka. A cikin irin wannan mota kana zaune ne dab da kwalta, har a Caterham in ka miƙa hannu za ka iya taɓa ƙasa. Iska na dukan fuskarka, ƙarar salansa na kunnenka, duk tsakuwar da taya ta taka kana jin ta a tafin hannunka, giya kuma da hannu kake sawa. Shi ya sa gudun kilomita 80 a cikinta yake kama da 160 a wata motar. Wannan babbar magana ce. Mai Lamborghini ba zai ji daɗin abin da ya biya ba sai ya kai gudun da doka ta hana, wanda kuskure ɗaya a cikinsa sai dai a ɗauki gawa. Mai MX-5 kuwa yana samun nishaɗinsa ba tare da ya wuce ƙa'idar titi ba.

Dalilin da ya sa 'yan fim suke sonsu

In ka duba ta fuskar darakta, motar nan kamar don fim aka yi ta. Kujera biyu ce, jarumi da jaruma, babu wurin ƙanin amarya balle ɗan rakiya. Sama a buɗe, haske na shiga, kyamara na ganin fuskoki ba gilas a tsakani. Gyale ko gashi na kaɗawa a iska, kai ka san waƙa ta riga ta haɗu.

Tarihi ma ya nuna haka. A shirin talabijin na Ingila The Prisoner na 1967, da Lotus Seven jarumin yake buɗe shirin. A fim ɗin The Graduate na shekarar, jar Alfa Romeo Spider ta Dustin Hoffman ta yi suna har daga baya kamfanin ya fitar da samfuri mai sunan fim ɗin a Amurka. A GoldenEye na 1995 an ba James Bond BMW Z3. Ba ta wuce 'yan mintoci a fim ɗin ba, ko harbi ɗaya ba a yi da ita ba, amma mutane suka yi ta rububin yin odarta. Masoya Fast and Furious kuma ba za su manta da Honda S2000 ruwan hoda ta Suki ba a kashi na biyu da ya fito a 2003. Hatta a katun ɗin Cars na 2006, tagwayen 'yan matan nan masoyan Lightning McQueen, Mia da Tia, daga Miata aka samo sunansu da siffarsu.

Ku lura da abu ɗaya. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ta fi sauran motocin zamaninta tsada. Abin da ya sa aka riƙe su a rai shi ne sun dace da labarin da kuma mutumin da ke cikinsu.

Me ya sa haya ta fi saye?

Saboda a rayuwar yau da kullum motar nan ba ta da amfani, gaskiya ɗaya ce. Ba za ka kai yara makaranta da ita ba. But ɗinta bai wuce ƙaramar jaka biyu ba. In ruwa ya sauko a Caterham, sai ka fito ka tsaya kana ɗaura rumfa kamar mai kafa tanti. A Turai kuma wata huɗu ko biyar na sanyi tana gareji a rufe, kai kuma kana biyan inshora da haraji. To mutumin da yake son jin daɗin nan sau biyu a shekara, me zai kai shi saye?

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1966 kamfanin haya na Hertz a Amurka ya zuba motocin Shelby GT350H kusan 1,000, yawancinsu baƙaƙe masu ratsin ruwan zinare, a kan dala 17 a rana da santi 17 a kowane mil. Su masu kujerar baya ne, amma su suka nuna cewa akwai kasuwa a hayar motar gudu. Labarin da ake bayarwa har yau shi ne wasu kan karɓa ranar Juma'a, su je su yi tsere da ita ƙarshen mako, su dawo da ita Litinin kamar ba a yi komai ba.

A yau wuraren da wannan kasuwa take ci su ne inda ake da titi mai lanƙwasa da kyan gani. A arewacin Scotland akwai hanyar North Coast 500 da aka ƙaddamar a 2015, zagaye ne na mil 516 da ke farawa ya ƙare a garin Inverness, tsakanin duwatsu da bakin teku. Mutane kan yi hayar Caterham ko Morgan ko MX-5 su yi kwanaki suna zagayawa. A Jamus kuma akwai filin tsere na Nürburgring, mai tsawon kusan kilomita 21, inda a wasu ranaku kowa zai iya sayen tikiti ya shiga da mota. A ƙauyukan da ke kewaye da filin akwai kamfanonin da sana'arsu kenan, ba da hayar motocin da aka shirya don wannan zagaye. A Amurka har manhaja ake da ita, Turo, inda mai mota yake ba da hayar tasa kai tsaye.

Sai dai ba a miƙa mukulli haka kawai. Yawanci sai ka kai shekara 25 ko fiye, kana da lasin na wasu shekaru ba tare da tarihin ganganci ba. Za a riƙe maka kuɗin ajiya masu kauri a katinka, in ka goga ta daga ciki za a cire. Akwai iyakar nisan da za ka yi a rana, in ka wuce kowane mil da kuɗinsa. Inshorar haya ta yau da kullum kuma ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere, a Nürburgring ma in ka daki shingen ƙarfe kai za ka biya gyaransa. Ga wanda ya tashi daga nan ya je Ingila, akwai ƙarin aiki, don sitiyari a dama yake kuma a hannun hagu ake tuƙi, abin da Najeriya ta bari tun 1972.

Abin da ke faruwa yanzu

Maganar da ta sa na ce ana yi musu bankwana ita ce wannan. A ƙarshen 2021 Lotus ta daina ƙera Elise bayan shekara 25 da motoci wajen 35,000. Sunan motar daga Elisa Artioli aka samo shi, jikar attajirin Italiya da ke riƙe da kamfanin a lokacin da aka fito da ita, tana 'yar ƙaramar yarinya. Da aka zo rufewa, ita aka miƙa wa mukullin Elise ta ƙarshe da aka sayar. Honda ta tsayar da ƙaramar S660 a 2022. Audi ta rufe TT a 2023. A 2024 Porsche ta janye yawancin samfuran Boxster da Cayman masu amfani da fetur daga kasuwar Tarayyar Turai saboda sababbin dokokin tsaron kwamfutar mota.

Dalilan a fili suke. Dokokin kare rai suna buƙatar ƙarin ƙarfe da jakunkunan iska da na'urori, duk kuwa nauyi ne. Masu saye sun koma kan manyan jif-jif. Sannan ga motar lantarki, wadda batirinta kaɗai kan kai kilo 400 zuwa 600, wato nauyin Caterham sukutum. Abin da zai ba ka dariya ya kuma ba ka tausayi shi ne kamfanin Lotus ɗin kansa. Tun 2017 kamfanin Geely na Chaina ne ke da kaso mafi yawa a cikinsa, kuma yanzu yana ƙera wata jif ta lantarki mai suna Eletre a birnin Wuhan, nauyinta wajen kilo 2,500. Elise uku da ɗoriya ke nan, a ƙarƙashin tambarin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rage nauyi.

Ba a ce sun ƙare duka ba. MX-5 na nan, Caterham na nan a hannun wani kamfanin Japan da ya saye ta a 2021, kuma a watan Afrilun 2025 gwamnatin Birtaniya ta sassauta wa ƙananan kamfanonin mota dokar komawa lantarki. Amma lissafin mai sauƙi ne. In sababbi suna raguwa, tsofaffin za su yi tsada, masu su za su ƙara riƙe su. Ga yawancin matasan duniya, haya ce za ta zama ƙofa ɗaya tilo ta sanin yadda irin wannan tuƙi yake.

Inda wasa yake ƙarewa

Kada daɗin labari ya sa mu manta da ɗaya gefen. Rashin nauyi yana da farashi. Caterham ba ta da jakar iska, ba ta da na'urar hana taya ƙullewa in an taka birki, ƙofar kirki ma babu. In ta haɗu da jif, lissafin buhun simintin nan juyewa yake yi a kanka.

Masoya fim sun san wannan ciwo. Ranar 30 ga Satumban 1955 James Dean ya rasu yana da shekara 24 a cikin Porsche 550 Spyder, ƙaramar mota mai kujera biyu, bayan sun yi karo da wata babbar Ford a wata mararraba a California. Biyu daga cikin manyan finafinansa uku bayan mutuwarsa suka fito. Ranar 30 ga Nuwamban 2013 kuma Paul Walker na Fast and Furious ya rasu yana da shekara 40 a cikin Porsche Carrera GT, abokinsa Roger Rodas ne ke tuƙi. Masu bincike sun ce gudunsu ya kai tsakanin mil 80 zuwa 93 a titin da iyakarsa mil 45 ne, tayoyin motar kuma sun kai shekara tara. Sai da 'yan'uwansa biyu suka tsaya a madadinsa aka ƙarasa kashi na bakwai, kuma dominsa aka yi waƙar See You Again ta Wiz Khalifa da Charlie Puth. Waɗannan fa mutane ne da suka san mota, suna shiga gasar tsere. Ina ga wanda yau da safe aka miƙa masa mukulli?

Ko rai bai tafi ba, aljihu na iya tafiya. A 2018 wani matashi ɗan Birtaniya ya yi hayar Lamborghini Huracán a Dubai, cikin ƙasa da awa huɗu na dare ɗaya kyamarorin titi suka rubuta masa tarar da ta haura dirhami 170,000. Labarin ya zagaye duniya. Kowa ya hau motar kwaɗayi, an san tashar da yake sauka.

Mu kuma fa?

Mu faɗa wa juna gaskiya, Elise ko Caterham ba za su yi rai a yawancin titunanmu ba. Tudun rage gudu na farko zai kankare musu ciki, ramin damina ya ƙarasa, ga ƙurar hunturu a mota mara rufi. Amma akwai darasi biyu da suka shafe mu kai tsaye.

Na farko ga masu shirya bidiyo da finafinai. Ba sai ka ƙarar da rabin kuɗin aiki a hayar motar da ta fi kowacce tsada ba, a ajiye ta a ƙofar otal ana rawa a gabanta. Finafinan da na lissafa a sama sun nuna cewa mota mai tafiya, wadda ta shiga cikin labari, ita ake tunawa. Tsohuwar buɗaɗɗiyar mota mai tsafta, titi mai kyau, hasken la'asar, da daraktan da ya san aikinsa, sun fi Lambo a tsaye.

Na biyu gare mu 'yan kallo. In ka ga mota a bidiyo, ka ɗauke ta kamar kayan da jarumi ya sa a fim. Kada ka auna rayuwarka da ita, kada ka raina sana'arka saboda ita, kada kuma ka raina mawaƙin don ka gano haya ce, aikinsa yake yi. Abin kunyar shi ne mutum ya karɓi motar haya ko ta aro ranar ɗaurin aure, ya shiga cikin unguwa yana juyi da ita yana ƙona taya a tsakiyar yara, don a ɗauka a waya a sa a TikTok. A fim ɗin da yake kwaikwayo an rufe titin, ƙwararren direba ne a ciki, motar asibiti na gefe, kuma in an ɓata sai a sake ɗauka. Shi kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Turawan da suke biyan kuɗi su yi hayar motar da ba ta da rediyo ba ta da na'urar sanyi, su tafi bayan gari inda babu mai ganinsu, daɗin tuƙin kawai suke nema, kuma da yamma su mayar da mukulli su hau jirgin ƙasa su koma gida. In wata rana tafiya ta kai ɗayanmu can, ya samu lasin da kuɗin ajiya, shawarata ya bar Lambo ya nemi MX-5 ta kwana ɗaya, ya ɗaura bel, ya bi ƙa'idar titi, ya dawo ya ba mu labari. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu.